Ƙidayar Girgizar Ƙasa: Da'awar Gaibu Ce Ko Hukuncin Al'ada?

  

Ran Litinin 6 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, tun kafin a kira sallar asuba, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Sham. Bayan kamar sa'a tara wata ta sake biyowa, ƙarfinta bai gaza na ta farkon da yawa ba. Mutum fiye da 50,000 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu Musulmi, da yawa kuma a kan shimfiɗarsu ajali ya same su. Ba a gama tono gawawwaki ba sai magana biyu suka bazu a duniya. Ta farko, wai wani mutumin ƙasar Holan ya faɗi aukuwar abin kwana uku kafin ya auku, ta hanyar duban jeruwar taurari. Ta biyu, cewa masana ilmin ƙasa na Turkiyya sun shekara da shekaru suna gargaɗi game da wannan yanki ɗin, ba a saurare su ba. Jama'a da dama suka haɗa maganganun nan biyu suka zuba a kwando guda. Waɗansu suka gaskata duka, waɗansu kuwa, saboda kishin addini, suka ƙaryata duka, suka ce ai babu mai sanin gaibu sai Allah.

Maganarsu ta ƙarshe gaskiya ce wadda babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Abin da ya rage a bincika shi ne, shin duk wanda ya yi magana a kan abin da bai riga ya auku ba, da'awar gaibu ya yi? In kuwa ba haka ba ne, me ya wajaba a kan wanda aka yi wa gargaɗi? Ba za a iya amsa wannan ba sai an fara sanin abin da masanan nan suka sani, da kuma inda saninsu ya tuƙe, gama malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimci siffarsa ba.

A shekarar 1935 wani Ba'amurke mai suna Charles Richter ya tsara ma'aunin da ake gwada ƙarfin girgiza da shi. An gyara shi daga baya, amma tsarin matakansa yana nan. Wannan ma'auni ba kamar mudu ko tiya yake ba, inda bakwai ta ɗara shida da ɗaya tak. Duk mataki guda da aka hau, ƙarfin da ƙasa ta saki yakan ninka wajen sau 32, mataki biyu kuwa sau 1,000. Sa'an nan a 1944 shi Richter da abokin aikinsa Beno Gutenberg suka zauna suka ƙidaya girgizar da aka rubuta a Kalifoniya, suka jera ta bisa ga girma. Sai suka ga wani abin mamaki, wanda masanan Japan biyu, Ishimoto da Iida, suka riga suka hango alamarsa a 1939. Duk lokacin da aka hau mataki ɗaya, yawan girgizar yakan ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma. A duniya baki ɗaya, bisa matsakaicin lissafi, a shekara akan sami girgiza mai mataki 5 fiye da 1,000, mai mataki 6 fiye da 100, mai mataki 7 wajen 15, mai mataki 8 ko fiye kuwa kamar guda ɗaya. Wata shekara ta ɗara, wata ta gaza, amma in aka tara shekaru masu yawa sai lissafin ya koma kan turbarsa. An gwada shi a Japan, an gwada a Iran, an gwada a Cile inda aka yi mafi girmar girgiza da na'ura ta taɓa aunawa, mai mataki 9.5, a 1960, ko'ina sai a tarar da tsarin kusan iri ɗaya ne. Tun 1894 ma wani Bajapane, Fusakichi Omori, ya nuna cewa ƙananan girgizar da ke bin babba su ma suna raguwa bisa ƙa'ida, rana ta goma tana samun kamar ushirin abin da ranar farko ta samu.

To, amfanin wannan ƙidaya a fili yake. Wanda ya shekara ashirin yana ƙirga ƙananan girgiza a wani yanki, zai iya kimanta sau nawa babba za ta zo a cikin shekara ɗari ko ɗari biyar. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce ran kaza ce, da ƙarfe kaza, a gari kaza. Misalinsa kamar mai gadin maƙabartar babban birni ne. Ya daɗe a bakin aikinsa har ya san kimanin yawan kaburburan da akan haƙa a wata, ya san sukan ƙaru lokacin zafi in sanƙarau ya shigo, saboda haka yakan tanadi itace da tukwane tun da wuri. Amma tambaye shi wa za a kawo gobe, ba shi da amsa, bai ma sani ba ko shi ne. Babu mai hankalin da zai ce wannan dattijo boka ne.

Masanan sun yi ƙoƙarin ƙetare wannan iyaka, kuma tarihin ƙoƙarin nasu abin lura ne ƙwarai. A watan Fabrairu na 1975 hukumomin ƙasar Sin suka ga ƙananan girgiza sun yi yawa a wajen birnin Haicheng, suka umarci mutane su fita daga gidaje. Da maraicen ran 4 ga wata babbar ta zo, mai mataki 7.3, aka tsirar da dubban rayuka. Duniya ta ɗauka an gano bakin zaren. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ran 28 ga Yuli 1976, birnin Tangshan na wannan ƙasa ya rushe cikin dare ba tare da irin waccan alama ba, hukuma da kanta ta ce mutum fiye da 240,000 suka mutu. A Amurka kuma akwai wani ƙauye, Parkfield, wanda aka lura ƙasa takan girgiza a wurin kusan duk bayan shekara 22, daga 1857 har zuwa 1966. A 1985 masana suka ba da sanarwa cewa suna da tabbacin kashi 95 cikin 100 za ta sake zuwa kafin 1993. Aka kafa na'urori iri iri, aka zauna jira. Shiru kake ji. Ba ta zo ba sai a watan Satumba na 2004, kuma da za ta zo ɗin, na'urorin ba su nuna wata alama ta a zo a gani ba. A ɗaya gefen, a 1997 waɗansu masana uku, biyu Amurkawa ɗaya Baturke, suka bi sawun girgizar da ke tafiya daga gabas zuwa yamma a kan babbar tsagar arewacin Turkiyya tun daga ta Erzincan a 1939, suka kimanta cewa haɗarin babbar girgiza kusa da birnin Izmit kashi 12 ne cikin 100 a cikin shekara 30. Shekara biyu kacal aka yi, ran 17 ga Agusta 1999, ta auku, ta ci rai fiye da 17,000. Wadda aka ba kashi 95 ta saɓa lokaci da shekara goma sha ɗaya, wadda aka ba kashi 12 ta zo da gaggawa. Yau manyan hukumomin wannan ilmi suna faɗa da bakinsu cewa babu wanda ya iya faɗin ranar babbar girgiza da wurinta da girmanta. Iyakar abin da na'ura ke yi a ƙasashe irin su Japan shi ne ta ji girgizar bayan ta riga ta fara, ta aika da saƙo ta waya ya riga ta isa birni da 'yan daƙiƙoƙi, a tsai da jiragen ƙasa, yara su shige ƙarƙashin tebur. Wannan kuwa labarin abin da ya riga ya faru ne, kamar mai doki da ya riga ambaliya isa gari.

Malaman tauhidi sun daɗe da tanadar wa wannan mas'ala ma'auninta, tun ba a san Richter ba. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, wanda kuma almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karanta littattafansa a zaure, ya kasa hukunci kashi uku, na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada a wurinsa shi ne a ga abu biyu suna tafiya tare sau da yawa, kamar wuta da ƙuna, ko ci da ƙoshi, har a tabbatar da alaƙa tsakaninsu saboda maimaituwar. Amma ya sa sharaɗi biyu, a yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, a kuma yarda cewa ba ɗayan ne ke halittar ɗayan ba, Allah ne ke gudanar da su tare. Duk wanda ya dubi ƙidayar Gutenberg da Richter da idon basira zai ga ba ta wuce wannan ba ko da taki ɗaya. Daga maimaituwa aka samo ta, da kashi cikin ɗari ake faɗinta, watau ita da kanta tana shaida cewa tana iya saɓawa, Parkfield kuma ya isa hujja. Haka Ibnu Taimiyya ya yi bayani game da masu lissafin husufin rana da wata, cewa aikinsu ba ya cikin sanin gaibu, domin tafiyar rana da wata al'ada ce da Allah ya gudanar, wadda ake iya saninta da hisabi. In husufi da ake faɗin sa'arsa bai zama gaibu ba, ina ga lissafin da ko shekara ba ya iya yankewa?

Gaibun da Allah ya keɓe wa kansa, wanda ƙarshen Suratu Luƙmana ya ambaci jigoginsa biyar, har da abin da rai zai aikata gobe da ƙasar da zai mutu a cikinta, yana nan a rufe yadda yake. Wanda ya yi karambanin taɓa shi shi ne mai duban taurari, wanda ke ƙulla alaƙa tsakanin jeruwar taurari da tsagewar dutse ba tare da wata maimaituwa da ta tabbata ba. Irin waɗannan mutane sukan yi ta harbi a duhu duk mako, ɗari su faɗi a banza ba mai tunawa, ran da ɗaya ta dace sai a yi ta yayatawa. A duniyar da ake samun girgiza mai mataki 6 kusan duk bayan kwana uku, dacewa ba ta da wuya. Hadisi ingantacce ya yi kashedi mai tsanani a kan zuwa wurin boka da ɗan duba, har ya ambaci rashin karɓar sallar kwana arba'in. Saboda haka mutumin Holan da masanan Turkiyya ba a layi ɗaya suke ba, ko da yake dukansu sun ambaci yanki guda.

Abin da zai ƙara kwantar da hankalin mai shakka shi ne, malaman Musulunci da kansu suna cikin waɗanda suka tara wannan ƙidaya. Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, wanda kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya wallafa littafi sukutum a kan girgizar ƙasa mai suna Kashfus Salsala. A ciki ya kawo hadisai da maganganun magabata, kana ya jera girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara. Masu binciken zamani, irin su Nicholas Ambraseys, sun koma ga wannan littafi da tarihohin Larabawa don su san tsagogin da suka taɓa motsi a Masar da Sham da Hijaz, gama na'ura ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai tana aiki ba, alhali wata tsagar takan yi shekara ɗari biyar tana barci. Alƙalamin malamin hadisi ya zama shaida a hannun mai auna dutse.

Sai dai halaccin ilmi shi ne ɓangare mai sauƙi na wannan magana. Mai nauyin shi ne abin da saninsa ke ɗora wa mutane, kuma nauyin ya fara ne daga kan masanin. A farkon 2009 ƙasa ta yi ta 'yar rawa wata da watanni a birnin L'Aquila na Italiya. Al'adar mutanen wurin ita ce in sun ji motsi su kwana a waje. Ran 31 ga Maris hukuma ta tara masana, wani jami'in gwamnati kuma ya gaya wa 'yan jarida cewa ƙananan girgizar alheri ne, wai suna rage ƙarfin da ya taru a ƙasa. Wannan magana ƙidayar da aka ambata a sama ta ƙaryata ta, domin sai an tara girgiza 1,000 masu mataki 4 kafin su kai ƙarfin guda ɗaya mai mataki 6, alhali yawansu bai fi ninki 100 ba. Waɗansu suka saki jiki suka kwana a ɗaka. Ran 6 ga Afrilu girgiza mai mataki 6.3 ta kashe mutum 309. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in ɗaurin shekara shida shida, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta sallami masanan ta bar jami'in da shekara biyu. Ba a kama shi da laifin rashin sanin ranar ba, gama babu mai saninta. Laifinsa shi ne ya ba da tabbacin aminci a inda ba shi da tabbaci. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48 ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Amma fa kishiyar wannan ma ta taɓa faruwa. Wani masani Ba'amurke ya ce babbar girgiza za ta rushe birnin Lima na ƙasar Peru a watan Yuni na 1981, aka firgita, baƙi suka ƙaurace, kasuwa ta faɗi, ranar ta zo ta wuce lafiya lau. Tsoratarwa ba bisa hujja ba ita ma cuta ce, kuma takan sa ran da gargaɗin gaskiya ya zo a yi kunnen uwar shegu da shi.

Daga masani sai mai gini da mai mulki, kuma a nan fiƙihun Malikiyya yana da mas'ala da ta dace da wurin kamar don shi aka yi ta. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an yi maganar katangar da ta karkata. In an gargaɗi mai ita, ya kuma sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, ta faɗi ta kashe wani ko ta ɓata dukiya, to, lamuni yana kansa. Ba a ce sai ya san ranar da za ta faɗi ba. Ba a kuma karɓi uzurinsa in ya ce ajalin mamacin ne ya zo ba, ko da yake lalle ajalinsa ne ya zo. Karkata, da gargaɗi, da samun iko, su ne sharuɗɗan. To, taswirar haɗari da masana ke zanawa, wadda ke cewa gari kaza yana kan tsaga mai rai, mene ne ita in ba gargaɗin ba? Shekarun da ƙasa ke yi shiru kuma, mene ne su in ba lokacin gyaran ba? Turkiyya tana da dokokin gini masu kyau a rubuce, an ma sabunta su bayan 1999. Amma a 2018 aka yi afuwa ga miliyoyin gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda. Takarda kuwa ba ta ƙara wa ginshiƙi rodi. Bayan musibar 2023 aka kama 'yan kwangila da dama, waɗansu a filin jirgin sama suna shirin gudu.

Wanda ke ganin wannan duka ƙoƙarin tsere wa ƙaddara ne, ya dubi shekarar 2010. A watan Janairu girgiza mai mataki 7 ta auka wa Haiti, aka rasa rai fiye da 100,000. A watan Fabrairu mai mataki 8.8 ta auka wa Cile, ƙarfinta ya ninka na waccan wajen sau 500, waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. Akwai bambancin zurfi da na nisa daga birni, amma babban bambancin shi ne Cile ta ɗauki darasi daga 1960 ta tsananta dokar gini. Agadir ta Maroko kuwa, a farkon watan azumi na 1960, girgizar da ba ta kai mataki 6 ba ta hallaka wajen mutum 12,000, domin ta taso daga ƙarƙashin garin ne, gine-ginen kuma ba su da ƙwari. Duka ƙaddara ce, wadda ta kashe da wadda ta bari. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya riga ya warware wannan a Sarga, sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa inda aka baro da inda aka nufa duk a cikin ƙaddarar Allah suke, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma ba wanda zai yaba masa in ya zaɓi ƙeƙasasshen.

Akwai wata magana da takan fito daga bakin masu wa'azi bayan kowace girgiza, wadda ya kamata a yi hattara da ita, watau yanke hukunci cewa mutanen wuri kaza zunubinsu ne ya jawo musu. Babu shakka girgiza aya ce mai tsoratarwa, sura guda a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, an kuma ruwaito cewa da Madina ta girgiza a zamanin Umar ya yi wa jama'a faɗa mai zafi. Wa'azi ga rayayyu ke nan, su tuba su yi sadaka. Amma taswira ta nuna girgiza tana bin gaɓoɓin ɓawon ƙasa ne, mafi yawan manyanta a kewayen tekun Pasifik, saura a kan layin da ya bi ta Bahar Rum da Turkiyya da Iran har Himalaya. Birane da yawa da aka sani da fasadi suna zaune a kan dutse mai lafiya, garuruwan salihai da yawa suna kan tsaga. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da Allah ya sauƙaƙa wa, abin da akan ji a Nijeriya bai wuce 'yar rawa irin ta Kwoi a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018 ba, wannan kuwa ba shaidar fifikon taƙawa ba ce a kan mutanen Halab. Hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari ya lissafa wanda gini ya faɗa wa a cikin shahidai. Wanda shari'a ta ba wannan matsayi, bai kamata wani ya hau mumbari ya mai da shi abin misalin azaba ba.

Saura mutum guda wanda mas'alar katanga ba ta ambace shi ba, shi ne ɗan haya. A shekarar 2000 masana suka kimanta cewa haɗarin girgiza mai tsanani a Santambul ya kai wajen kashi 60 cikin 100 a cikin shekara 30. Birnin yana da mutum fiye da miliyan 15, dubban gidajensa kuma an gina su ne kafin dokokin yanzu. Talakan da ke zaune a bene na huɗu na irin wannan gida ya ji gargaɗin sarai, ya kuma gaskata, amma katangar ba tasa ba ce, kuɗin ƙaura kuma babu. Sharaɗi na uku, watau samun iko, bai cika a kansa ba, saboda haka babu laifi a wuyansa. Laifin da ya sauka daga kansa kuwa ba ɓacewa ya yi ba, yana komawa ne kan wanda ikon ke hannunsa, mai gidan da ke karɓar haya duk wata, da injiniyan da ya sa hannu, da hukumar da ta karɓi kuɗi ta ba da takarda. Shekara 30 ɗin da aka ambata za su cika a 2030.